Ƙasan Takalmin Alonzo

Harlem, 12 ga Maris, 1962

Yaya Verlene,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Yaya Hosea da yara. Idan kin tambaye ni, ina nan, da sauƙi.

Wasiƙunki biyu sun iso. Ki yi haƙuri ban amsa ba. In na dawo daga gidan wanki, bayan awa takwas a tsaye kan guga, sai in zuba ƙafafuna cikin ruwan ɗumi da gishiri. Biro yana can kan tebur, ni ina nan, kuma babu mai miƙo mini. Yau sati shida da rasuwar Alonzo. Har yanzu ƙwai huɗu nake fasawa da safe, sai na gan su sun cika kasko sannan in tuna.

Jiya bayan coci Dorsey ya zo. Kin san shi, dogon nan mai sanƙo da ya riƙe akwatin gawar ta gaba, wanda kika ce hularsa ta fi kama da ta biki. Shi ne shugabanmu na 'yan Lahadi, mu tsofaffin da muka rage muna rawar suwing da la'asar a saman kantin kujeru, tun da aka rushe babban zauren rawa na unguwa. Ya zauna a kujerar Alonzo bai sani ba.

Al'adarmu ya zo tuna mini. In ɗayanmu ya mutu, ana kawo takalmin rawarsa a ajiye a tsakiyar daɓe. Sai a kewaye shi, makaɗa su buga kiɗan da ya fi so, matarsa ta shiga ta yi rawa da mazan ɗaya bayan ɗaya, wannan ya karɓe ta daga hannun wancan, har kiɗa ya ƙare. Daga nan takalmin ya zaga hannu-hannu, kowa ya kifa shi ya duba inda ya cinye, a yi ta ba da labarin mai shi. Sannan a rataye a bango. Na mutum tara ne a bangon yanzu. Sun sa na Alonzo Lahadin da ke bayan bikin Ista.

Na ce masa ba ni da takalmi. Wannan gaskiya ce. Jan nan mai maɗauri da kika sani ya daina shigata, ƙafar ta kumbura tun sanyin nan, ko yatsu ba sa wucewa. Ya ce in kantunan takalmi ma sun shiga makoki ne in gaya masa, ya je ya yi musu ta'aziyya. Na yi dariya, Yaya, ban san ina da sauranta ba.

Da ya tambayi na Alonzo, sai na ce ban san inda yake ba, wataƙila a asibiti aka bar shi. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Ya ce to in duba a hankali, akwai lokaci.

Yana ƙarƙashin gado, cikin jakarsa ta shuɗin yadi. Kada ki tambaye ni dalili. Na dai gaji, kuma ina so mutum ɗaya a duniya ya san na yi ƙarya.

Ki gaishe da kowa. Ki ce wa matar fasto na gode da katin.

Ƙanwarki,
Ozella

*

Kingstree, 19 ga Maris, 1962

Ozella,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Mu duka lafiya, sai Hosea da ciwon bayansa, wanda ba ya tashi sai an ce ga aiki.

Kin ce kada in tambaya. Yaushe na fara jin maganarki? Ranar jana'iza ina tsaye a ƙofar ɗakinki lokacin da mutanen rawar nan suka shigo gaisuwa. Na ga kin tura wata jaka ƙarƙashin gado da dunduniya, kamar yadda kike tura kwanon da kika fasa muna yara. Na yi shiru don ranar ba ta tambaya ba ce. Yau ta tambaya ce. Me ke cikin jakar ban da takalmi?

Ra'ayina kan rawar nan kin san shi shekara ashirin da shida, ba sai na ɓata takarda ba. Mutum mai shekara hamsin da takwas, da furfura, da hawan jini, yana juyi kamar mazari, ai dole wata rana ƙasa ta kira shi. Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki ne, bai taɓa zuwa gidana hannu rabbana ba. Amma ki ba dogon nan takalmin su rataye, su yi tsallensu, ke ki haɗa kayanki ki dawo gida. Ɗakin baya yana nan, na sa an gyara tagar. Ba ki da ɗa ba ki da jika a garin nan, wa kike zaman wa? Gugar rigunan mutanen da ba su san sunanki ba?

In kuma kin dage sai kin shiga wannan da'irar, to ki yi hankali da ƙafarki. Kada ki sayo mai tsini. Ki nemi irin nawa, irin na ma'aikatan asibiti, mai ƙasan roba mai kauri. Shekara uku ina sa shi, ko a kan jiƙaƙƙen siminti bai taɓa zame ni ba. Da marigayi irinsa ya sa ranar nan, da yanzu yana zaune yana cin ƙwansa biyu. Roba ba ta kayar da mutum.

Na aiko miki da man shafawar Inna a cikin kwali, da gyaɗa soyayya. Ki shafa man daga idon sawu zuwa sama, ba daga sama zuwa ƙasa ba, kin ji. Ki riƙa ɗora ƙafar kan matashi. Ki ci abinci, na ga wuyanki a jana'iza.

Ki amsa mini da wuri, kada in hau mota in zo in ɗaga gadon da kaina.

Yayarki,
Verlene

*

Harlem, 26 ga Maris, 1962

Zuwa ga Mista Ambrose Tull,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata ka isa Bridgeport lafiya kuma zama wurin 'yarka ya karɓe ka. Mai kantin jarida na kusa da tsohon shagonka ne ya ba ni adireshin. Ni ce matar Alonzo Pettiway. Na san ka ji rasuwarsa, don na ga furen da ka aiko. Na gode.

Mista Tull, ban iya tsara magana ba, zan faɗa yadda take. Ka tuna aikin da na kawo maka a watan Janairu, wanda ka ce ba ka so, na yi ta roƙonka har ka yi. Ni da kai kaɗai muka san da shi. Yanzu 'yan Lahadi suna son takalmin ranar ashirin da tara ga Afrilu, kuma ka san yadda suke yi, kowa sai ya kifa shi ya duba.

Roƙona shi ne in aiko maka da shi ta gidan waya ka cire abin da ka sa, ka mayar da fata. Amma ba sabuwa ba. Sabuwar fata za ta tona ni kamar yadda robar za ta yi, don Alonzo ya shekara bakwai da takalmin nan. Ko kana da tsohuwar fata da za ka goge ta yi kama da tasa? Yana da wani zagaye a ƙafar dama, ƙarƙashin babban yatsa, inda yake juyi a kai. Kai ka fi ni sanin girmansa.

Akwai masu gyaran takalmi a titinmu, amma duk wanda na kai wa, kafin Lahadi labari ya hau bene.

Abu na biyu ƙarami ne. Ƙafata ta kumbura, nawa ba ya shigata. Tun da na fara rawa ban taɓa zaɓar takalmi ni kaɗai ba. Alonzo ne ke lanƙwasa shi a hannu, ya shinshina, ya ce wannan. Ranar Asabar na shiga kanti biyu na fito. Yarinyar da ke sayarwa ta tambaya ko na kaka nake nema, na ce a'a, na mai rawa, sai ta kalli ƙafata. Ka gaya mini abin da zan nema.

Ka yafe mini damunka da na yi kana hutu.

Taka cikin girmamawa,
Ozella Pettiway

*

Harlem, 28 ga Maris, 1962

Yaya,

Ina gaishe ki. Kwalin ya iso, na gode. Ina shafa man yadda kika ce.

Ba sai kin hau mota ba. Takalmi ne kawai a jakar. Amma kin rubuta cewa da roba ya sa da yana nan. Yaya, roba ya sa. Ni na sa masa.

Bari in fara daga farko don ki gane, tunda ke ba ki taɓa hawa daɓen katako ba. Ranar da na fara ganin Alonzo, ina da wata uku a garin nan, kambas ne a ƙafata, wanda na zo da shi daga gida. Bai kalli fuskata ba, ƙafata ya kalla. Ya ce, "'Yar Carolina, rawa kika zo yi ko kamun kaza?" A ranar ya koya mini abin da kowane mai suwing ya sani kafin ya san sunan kiɗa. Fata tana barin ƙafa ta juya tare da jiki. Roba tana riƙe ƙafa a wuri ɗaya, jiki ya tafi, gwiwa ta rasa wanda za ta bi. Ni kaina na koya wa 'yan mata wannan sun fi ashirin. Don haka ba rashin sani ba ne, kada ki nema mini wannan mafakar.

A watan Disamba an cika wa daɓe kakin goge katako, ya zame ya zauna daɓas. Kowa ya yi dariya, shi ya fi kowa. Ni ban yi ba. Likita ya riga ya gaya masa ya rage. Na roƙe shi ya bar saurin nan, ya bar wa yara juyi uku a jere. Ya ce ranar da ya daina juyi in kira fasto. Na yi fushi, na yi lallashi, na yi kuka, duk ya mayar wasa.

Sai na ɗauki takalmin yana wurin aiki, na kai wa Mista Tull, tsohon da ke gyara wa dukanmu. Na ce ya sa roba siririya, ya shafa baƙi a gefe kada a gani. Ya ƙi har sau uku. Lissafina shi ne da ya taka sau ɗaya zai ji ta kama, ya ji haushi, ya zauna ko ya yi a hankali. Mu dawo gida mu yi faɗa. Na shirya wa faɗan, har abin da zan ce na tsara.

Ranar Lahadi ta zo. Ya ɗaure igiyarsa, ya miƙo mini hannu. Kiɗa biyu na farko masu sanyi ne, ya yi su a hankali yana murmushi, na ce a raina na ci nasara. A na uku mai ganga ya ƙara wuta. Na ji a hannunsa, kin san hannun miji, na ji ya manta da shekarunsa. Ya sake ni, ya shiga juyin nan nasa. Jikinsa ya juya, ƙafar ba ta juya ba. Ƙarar gwiwar har yau tana kunnena, ko injin guga ba ya rufe ta.

Sauran kin sani. Filasta, kwana takwas a kwance, gudan jini ya tashi daga ƙafar ya tafi huhu. Ni na cire masa takalmin a kan daɓe na cusa a jaka kafin kowa ya matso. A asibiti kullum ina cewa bari ya dawo gida in gaya masa. Bai taɓa ambatar takalmi ba. Ya mutu yana zaton ƙafarsa ce ta tsufa ta ci amanarsa, kuma wannan ya fi komai ci mini rai, don da ita yake alfahari.

Na rubuta wa Mista Tull ya gyara a ɓoye. Ban sani ba ko daidai ne. Mutanen nan su ne dangina a nan, Yaya. In suka kifa takalmin suka gani, ban san da wace fuska zan sake hawa benen ba. In kuma ba su gani ba, ban san da wace fuska zan karɓi hannunsu ba.

Kada ki karanta wa Yaya Hosea.

Ozella

*

Kingstree, 4 ga Afrilu, 1962

Ƙanwata,

Ubangiji ya ba ki salama. Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Wake ya ƙone a kan wuta, Hosea ya ci haka nan, bai ji dalili ba.

Na janye maganar robar. Bakina ya riga ni, kamar kullum. Ki yafe mini.

Yanzu ki saurara. Bara waccan Hosea ya faɗo daga kan rumbu. Tun daga ranar tsaninsa yana gidan Misis Gadsden, bayan kejin kaji, shi kuma yana zaton sace shi aka yi, har ya daina gaisawa da wani bawan Allah a kan haka. A watan jiya na leƙa ta taga na gan shi ya ɗora kujera a kan ganga zai hau rufi. Da ya faɗo ya karya wuya, wa ya kashe shi? Ni da na ɓoye tsani? Kowace mace mai tsohon miji mai taurin kai tana da irin robarta, Ozella. Taki ta zo da ƙaddara, tawa ba ta zo ba tukuna, bambancin ke nan. Kin yi kuskure, ba zan ce ba ki yi ba. Amma ba ke kike riƙe da numfashin mutane ba, ki sauka daga wannan kujerar, ba taki ba ce.

Maganar gyara a ɓoye, ni ba zan yanke miki ba. Abin da na sani kawai, tun kina yarinya ba ki iya riƙe ƙarya ba, ciwon ciki take sa ki.

Ki je ki sayi takalmin. Ban canja ra'ayi kan rawa ba, kada ki yi murna. Amma in za a miƙa ki hannu-hannu a gaban jama'a, ba za ki je da silifa kamar marar 'yan'uwa ba. Kada dai ki sayo ja. Ki ji tsoron Allah, ko wata uku ba a yi ba.

Jiya na je na karɓo tsanin. Na jingina shi inda yake. Ya gan shi, ya kalle ni, ya ce ɓarawon nan yana da kirki.

Ɗakin baya yana jiranki.

Yayarki mai ƙaunarki,
Verlene

*

Bridgeport, 9 ga Afrilu, 1962

Zuwa ga Misis Pettiway,

Ina miƙa gaisuwa da ta'aziyya. Allah ya ba ki haƙuri. Ki gafarta jinkirin amsa. Na fara wasiƙar nan sau huɗu, hannuna kuma ya fi sabawa da guduma.

Ba sai kin aiko da takalmin ba. Ban cire fatarsa ba. Hannuna bai yarda ba. A kanta na manna robar, da gam mai sauƙi. Ki kara shi kusa da murhu na ɗan lokaci, ki sa wuƙar tebur ta gefen dunduniya, za ta ɓare kamar ɓawon lemo. Ki goge sauran gam ɗin da tsumma da ɗan kananzir. Zagayen da kika ambata yana nan yadda ya bar shi. Minti goma ya ishe ki, kuma ba wanda zai gane.

Amma akwai abin da ya kamata ki sani kafin ki ɗauki wuƙar. Kin ce ni da ke kaɗai muka sani. Mu uku ne.

Ranar Juma'a, kwana biyu kafin abin ya faru, mijinki ya shigo shagona da jakar a hammata. Ya ɗora takalmin a kan benci a kife, ya tsaya yana kallona. Ya ce tun daga bakin ƙofar ɗaki ya ji warin gam ɗina. Ya kira ni tsohon munafuki, yana dariya har da riƙe ciki. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba a shekara arba'in na sana'a. Na jawo wuƙa zan ɓare a take. Sai ya dafa hannuna.

Ga abin da ya ce, ban ƙara ba ban rage ba: "Bar shi, Ambrose. Tsoro take ji. Shekara ashirin da shida tana bin hannuna ba ta taɓa tambayar ina za mu ba. Lahadi ɗaya zan bi nata."

Ya ce zai yi a hankali, ki ga ya ji maganarki, hankalinki ya kwanta, ranar Litinin ya kawo in cire. Ya sa na yi alkawari ba zan gaya miki ya gane ba, wai kada ki ji kunya. Na gargaɗe shi kada ya yi juyi. Ya ce shi ya koya wa rabin unguwar nan wannan, ba sai na tuna masa ba.

Na karya alkawarin yau domin na ga kina ɗauke da kaya na mutum uku ke kaɗai. Ki ba ni nawa kason. Ni ne mai sana'a, ni ya kamata in ƙi har ƙarshe. Shi ma ya san abin da ke ƙafarsa. Kiɗa ne ya ɗauke shi, kuma ke kin fi kowa sanin yadda kiɗa ke yi da shi.

Game da naki takalmin. Ki je kanti da yamma bayan aiki, lokacin da ƙafar ta gama kumburinta, ba da safe ba. Ki tafi da safar da za ki sa ranar. Ki nemi sau-ciki mai igiya, don ki sassauta in ta ƙara tashi. Maɗauri guda zai yanke ki. Tsayin dunduniya kada ya wuce faɗin yatsu biyu, ta zama mai faɗi, ba mai tsini ba. Ƙasansa fata zalla. Ki lanƙwasa shi a hannu, ya karye daidai inda yatsunki ke karyewa, in ya ƙi ki ajiye. Ki tsaya kan ƙafa ɗaya ki ɗan juya a kan katakon kantin, kada ki damu da masu kallo. Sabuwar fata tana da santsi fiye da kima, don haka ki goga ta sau biyar ko shida a kan matakalar gidanku, daga nan kada ta sake taka titi. Ki sa shi a ɗaki awa guda kullum har ranar.

Abin da za ki yi da nasa, ke za ki zaɓa. Kowanne kika yi, bakina a rufe yake.

Naki cikin girmamawa,
Ambrose Tull

*

Harlem, 30 ga Afrilu, 1962

Yaya Verlene,

Ina gaishe ku duka. Ga wasiƙar Mista Tull na haɗo miki, ki karanta ki dawo mini da ita.

Na sayi takalmin. Ruwan ƙasa ne, ki kwantar da hankalinki.

Ranar Asabar da safe na ɗauki wuƙar. Na ɓare na dama. Zagayen yana nan, sumul kamar cikin cokali. Na daɗe da yatsana a kai. Na ɗauki na hagu, na kara a murhu, sai na ajiye. Haka na kai su jiya, ɗaya da fatarsa, ɗaya da robata.

Ban jira a zaga da su ba. Da kaina na kifa su a tsakiyar daɓe kafin a fara kiɗa, na koma na tsaya. Kowa ya zuba musu ido. Na buɗe baki zan yi bayani, Dorsey ya riga ni. Ya sunkuya da ƙyar, ya mayar da su daidai, ya ƙulla igiyoyin wuri ɗaya. Ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Ozella, da kunne muke rawa. Tun takunsa na farko ranar nan muka ji kukan robar. Muna jira ne ki kawo shi."

Sai ya miƙo hannu.

Mutum goma sha ɗaya na yi rawa da su. Sabon takalmina ya juya da ni, bai riƙe ni ba, bai zame ni ba. Ya tayar mini da bororo a dunduniyar hagu, yau da ɗingishi na je aiki. Na gaji, Yaya, amma irin gajiyar da na sani ce.

Ki bar gyaran ɗakin baya tukuna. Sun rataye takalmin Alonzo kusa da taga, kuma Lahadi mai zuwa ina so in je in ga ko rana tana dukansa.

Ƙanwarki,
Ozella